Yadda za ka zaga Istanbul da ƙafa idan jirgin ruwanku ya tsaya na yini ɗaya

Jiragen ruwan yawon buɗe ido da ke tsayawa a Istanbul suna ɗaurewa ne a Galataport, a unguwar Karaköy, tashar da aka buɗe a 2021. Tsohon gari, inda manyan masallatai da kasuwanni suke, yana ƙetaren ruwa, kimanin kilomita 3 daga nan. Dabarar duka ita ce ka fara da wuri mafi nisa da sassafe, sannan ka tako a hankali kana nufo jirgi, yadda duk awar da ta wuce tana ƙara kusantar da kai gida.

Tun daren jajibere ka ɗauki takardar shirin gobe da ake ajiye maka a ɗaki, ka duba lokuta biyu: lokacin tashin jirgi, da lokacin da ake so kowa ya riga ya shiga. Na biyun ne naka, kuma yawanci yana gaban na farko da rabin awa. Ka ƙara cire awa ɗaya da rabi, wannan shi ne lokacin da za ka kasance a kan gadar Galata, wadda ta haɗa tsohon gari da Karaköy, kana komawa. Idan an ce a shiga da 5:30, to ƙarfe 4:00 ta same ka a gada. Wanda ya fita da kansa, ba cikin tawagar da kamfanin jirgi ya shirya ba, ba a jiransa.

Ka tabbatar da agogon da jirgi ke aiki da shi. Turkiyya ba ta canza agogo tsakanin rani da hunturu, tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, amma jirgin da ya fito daga wata ƙasa yana iya riƙe nasa lokacin. Wayarka kuwa za ta canza da kanta ba tare da ta yi maka sallama ba. Ka ɗauki hoton lambar wakilin jirgi a tashar, tana cikin takardar nan. Batun biza kuma ka gama shi da kamfanin a rubuce tun kafin ka biya kuɗin tafiya, ka faɗa musu irin fasfonka.

Kayan fita kaɗan ne: katin jirgi, shaidarka, gorar ruwa, 'yan lira a aljihu, leda ta saka takalmi a masallaci, da mayafi ga mata. Takalmin ya zama mai taushin ƙasa wanda ake cirewa da sauri, domin hanyoyin na dutse ne kuma za ka cire shi sau huɗu ko biyar.

Zauren fasinjoji na Galataport a ƙarƙashin ƙasa yake, tafiyar daga jirgi zuwa titi tana da ɗan tsawo, ka ware mata minti 20. Da ka fito, tashar tiram (jirgin ƙasa na cikin gari) ta Tophane tana kusa. Sayi katin sufuri na Istanbulkart a na'ura, ka zuba kuɗi, kati ɗaya yana isar mutum fiye da ɗaya. Hau layin T1 mai zuwa Bağcılar, ka sauka a tasha ta biyar, Sultanahmet. Mai ƙarfin gwiwa yana iya takawa cikin minti 45, amma gara ka adana ƙafarka don dawowa, wadda za ta kai kilomita 5 zuwa 6.

A dandalin Sultanahmet manyan gine-gine biyu ke fuskantar juna. Fara da Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida, shiga kyauta ne, kuma layinsa gajere ne da safe. Ayasofya, wadda aka gina a matsayin coci a shekarar 537 aka kuma sake mayar da ita masallaci a 2020, tana da ƙofar masu sallah daban da ta masu kallo, waɗanda ke biyan kuɗi su hau bene. A Masallacin Sultan Ahmed ana tsayar da masu kallo a lokutan sallah, ranar Juma'a kuma sai bayan an sauko.

Nan ne za ka yanke shawara. Fadar Topkapı tana bayan Ayasofya, a cikinta akwai ɗakin da ake ajiye kayan tarihin da ake jingina wa Annabi (SAW) da sahabbansa, ana karatun Alƙur'ani a wurin ba yankewa. Sai dai fadar tana cin awa uku idan an haɗa da layi, kuma a rufe take ranar Talata. Idan ka zaɓe ta, ka haƙura da Babbar Kasuwa, wato Kapalıçarşı. Duka biyun ba sa shiga yini ɗaya sai da gudu.

Idan kasuwar ka zaɓa, bi titin Divan Yolu, wanda tiram ke bi, har ginshiƙin Çemberlitaş, minti goma ke nan. Karkata dama zuwa masallacin Nuruosmaniye, ƙofar kasuwar tana jikinsa. Kapalıçarşı tana da lunguna sama da 60 da shaguna wajen 4,000, ba ta buɗewa ranar Lahadi. Ka ba kanka minti 45, ka riƙe sunan ƙofar da ka shigo. Shayin da mai shago zai miƙo maka ba ya wajabta saye, kuma farashin farko na tayi ne. Laleli, inda 'yan kasuwarmu ke sarin tufafi, ba ta da nisa daga nan, amma sari da neman mai aika kaya ba aikin yini ɗaya ba ne, ka bar shi sai wata tafiyar.

Daga kasuwa zuwa Süleymaniye minti 15 ne. Wannan masallaci da magini Sinan ya kammala a 1557 shi ne wurin da ya fi dacewa ka zauna: cunkoso kaɗan, famfunan alwala a jere a jikin bango, kabarin Sarki Sulaiman, wanda ya sa aka gina masallacin, a makabartar harabar, ga kuma farfajiya da ke kallon Hasumiyar Galata da mashigin ruwan Bosfor. Ka yi azahar a nan idan lokaci ya daidaita. Gidajen abincin da ke fuskantar masallacin sun yi suna da wake da shinkafa irin nasu, farin wake cikin miyar tumatir, yana zuwa da sauri.

Daga nan gangara ce mai tsauri zuwa Eminönü, unguwar da ke bakin gadar Galata, ka taka a hankali idan an yi ruwa. Masallacin Rüstem Paşa yana saman shaguna, ana hawa ta wata ƙaramar matakala da ake iya wucewa ba a lura ba, cikinsa kuwa lulluɓe yake da shuɗin tayil na İznik. Kasuwar kayan yaji, Mısır Çarşısı, tana gaba kaɗan kusa da masallacin Yeni Cami. Abin da za ka saya ka ce a liƙe maka shi a leda.

Gadar Galata ba ta kai rabin kilomita ba, masu kamun kifi a sama, gidajen abinci a ƙasa. Idan mai goge takalma ya yar da burushinsa a gabanka, wuce abinka. In ka ɗauko masa, zai ce zai goge maka don godiya, daga baya ya nemi kuɗi mai yawa. Daga ƙarshen gada zuwa ƙofar tashar minti 15 ne, sai binciken jaka da tafiyar ƙarƙashin ƙasa.

In ka ga lokaci ya ƙure kana can sama, kada ka tsayar da tasi, domin cunkoson yamma a Eminönü yana iya riƙe mota rabin awa a wuri ɗaya. Nemi tashar T1 mafi kusa, hau mai zuwa Kabataş, ka sauka a Tophane, kana tafe kana kiran lambar wakilin nan.