Yadda Za Ka Shirya Wa Hoton Asibiti Don Ya Fito Da Gaskiyar Ciwonka

Idan likita ya gama duba ka ya miƙo maka takarda ya ce ka je a yi maka hoto, to tun kafin ka tashi daga kan kujera ka tambaye shi wane irin hoto ya rubuta, kuma me yake nema a cikinsa. Mutane da yawa sun ɗauka aikin na na'ura ne kaɗai, su nasu su kwanta su tashi. Alhali na'ura abin da aka ajiye a gabanta take nunawa, don haka majinyacin da ya zo da cikinsa cike a ranar da aka ce kada ya ci komai, ko ya ɓoye wani bayani game da jikinsa, ko ya yi ta motsi ana cikin ɗauka, shi da kansa ya ɓata hoton da ake sa ran zai bayyana ciwonsa.

Hotunan iri-iri ne, kuma sanin bambancinsu shi ne tushen shiri. Mafi daɗewa shi ne eksire, wanda Bajamushen masanin kimiyya Wilhelm Röntgen ya gano ranar 8 ga Nuwamba, 1895. Wani haske ne da ido ba ya gani, wanda ake kira radiyeshin, yake ratsa jiki. Ƙashi yana tare shi, sai ya fito fari a hoto, iskar da ke cikin huhu kuwa ba ta tare shi, sai ta fito baƙi, shi ya sa ake neman karaya da tarin fuka da ciwon sanyin huhu ta wannan hanya. Hoton CT da hasken eksire yake aiki shi ma, amma na'urar tana kewaya jiki tana ɗauka ta kowace fuska, kwamfuta kuma ta fito da shi yanka-yanka. A Landan aka fara gwada shi a kan majinyaci a 1971, kuma har yau shi ake garzayawa gare shi idan mutum ya bugu a kai ko ɓarin jikinsa ya shanye, domin cikin 'yan mintuna yake nuna ko jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Hoton sikanin kuwa da sauti yake aiki, sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen ɗan Adam, wanda ke shiga jiki ya dawo kamar amsa-kuwwa. MRI kuma da maganaɗisu yake aiki, kuma ya fi sauran nuna ƙwaƙwalwa da laka da jijiyoyin gaɓoɓi. Waɗannan biyun na ƙarshe babu radiyeshin a cikinsu.

A nan ina so in ja hankali kan wani kuskure, wato a ɗauka cewa na'urar da ta fi girma ita ta fi gano kowace cuta. Tsakuwar da ke cikin matsarmama sikanin ne ya fi dacewa a fara nemanta da shi, karayar hannu kuwa eksire ya wadatar. Kada ka matsa wa likita lamba ya rubuta maka MRI don kawai ka ji ana yabonsa.

Da ka isa sashen hoto za a yi maka tambayoyi, kuma wannan ne wurin da ba a son kunya ko kara. Mace mai juna biyu, ko wadda al'adarta ta yi jinkiri har take zargin ciki, ta faɗa kafin a yi mata eksire ko CT, ko da ba a tambaye ta ba, domin ɗan tayi ya fi babba saurin cutuwa da radiyeshin. Faɗar ba ta nufin za a hana ta hoton da rayuwarta ke bukata. Sau da yawa sai a sauya zuwa sikanin, ko a rage yawan hasken, ko a jinkirta idan babu gaggawa. Haka nan ka faɗi duk maganin da kake sha, da ko kana da ciwon ƙoda, ko ciwon sukari, ko asma, da ko jikinka ya taɓa ƙin wata allura da aka yi maka a wurin hoto a baya.

Ɗakin MRI ya cancanci a tsaya a kansa sosai, saboda haɗarinsa ba ya ganuwa. Maganaɗisun da ke ciki yawanci ƙarfinsa tesila 1.5 ne ko 3, wato ya ninka maganaɗisun ƙasa sau dubbai masu yawa, kuma a kunne yake dare da rana, ko ana ɗaukar hoto ko ba a ɗauka. Makulli ko almakashi ko tukunyar iskar numfashi da aka shiga da ita bisa kuskure za ta iya fizgewa daga hannu ta nufi bakin na'urar da ƙarfin da zai raunata wanda ke kwance. Saboda haka a waje za ka bar waya da agogo da zobe da sarƙa da 'yan kunne da katin banki da abin ƙara jin magana, kuma ɗan rakiyarka ma wannan doka ta hau kansa. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne ƙarfen da ke cikin jiki: na'urar daidaita bugun zuciya, da maƙalin da aka sa a jijiyar ƙwaƙwalwa lokacin tiyata, da ɓarɓashin harsashi, da ƙurar ƙarfe da ta taɓa shiga idon mai walda ko maƙeri, ko da shekaru sun shuɗe. Yawancin ƙarafan da ake ɗora ƙashi da su a yau ba sa hana MRI, amma ma'aikatan ne za su yanke wannan hukunci, don haka ka zo da takardar tiyatarka idan tana nan.

Za a kwantar da kai a kan wani siririn gado ya zarce da kai cikin rami mai kama da bututu, sannan ƙara ta fara, wani bugu mai ƙarfi kamar ana dukan ganga ta ƙarfe dab da kunnenka, ya tsaya, ya sake tashi da wani salon. Wannan ƙara alamar aiki ce, kuma za a ba ka abin toshe kunne da wani ɗan ƙwallon roba a hannu wanda za ka matsa idan kana son a tsaya. Aikin yakan ɗauki minti 20 zuwa awa guda. Wanda ya san ƙuntataccen wuri yana tayar masa da hankali ya faɗa tun ranar da aka ba shi lokaci, domin akwai maganin kwantar da hankali da ake iya bayarwa, kuma rufe ido tun kafin gadon ya motsa yana taimaka wa mutane da yawa.

Shirin sikanin ya danganta da wurin da za a duba, kuma a nan ne aka fi samun ruɗani. Idan hanta da matsarmama ake nema, akan ce kada a ci abinci na awa 6 zuwa 8, saboda matsarmama tana matsewa bayan cin abinci ta zubar da ruwanta, sai ta ƙanƙance ta yi wuyar gani, ga kuma iskar hanji da ke tare sautin. Idan kuwa mahaifa ce ko mafitsara ko farkon ciki, akan ce a sha ruwa da yawa kamar awa guda kafin lokaci a kuma riƙe fitsari, domin cikakkiyar mafitsara tana ture hanji gefe ta zama kamar taga da ake leƙawa ta cikinta. Riƙon akwai takura, amma wanda ya zagaya minti biyar kafin a kira shi sai ya koma ya sake jira. Man nan mai sanyi da ake shafawa a fata aikinsa kore iskar da ke tsakanin fata da kan na'urar, kuma gogewa ake yi ya fita. Matar da za a yi wa hoton nono na eksire kuma kada ta shafa hoda ko turaren hammata a ranar, domin ɓurɓushinsu yana iya fitowa kamar ɗigon cuta.

Wani lokaci akan sa wa majinyaci wani ruwa mai kama da rini ta jijiya don jijiyoyin jini da ƙari su fito sarai. Na CT yana ɗauke da sinadarin ayodin, kuma da ya shiga za ka ji ɗumi ya bi jikinka, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, har ma ka ji kamar fitsari ya kuɓuce maka alhali babu abin da ya fita. Wannan yana wucewa cikin minti ɗaya ko biyu. Amma ƙaiƙayi da ƙuraje da kumburin fuska ko sarƙewar numfashi wani abu ne dabam, ka yi magana nan take. Ƙoda ce ke fitar da ruwan, shi ya sa ake yawan neman gwajin jini na ƙoda tukuna, kuma mai ciwon sukari da ke shan metformin ya tambaya ko zai dakatar da shi na kwana biyu.

Umarnin da za ka ji a lokacin ɗauka gajere ne: ja numfashi, riƙe, saki. Ka bi shi daidai, domin motsi kaɗan yana dusashe hoto, kuma maimaitawa ƙarin radiyeshin ne a banza.

Tsoron radiyeshin kuwa a auna shi da ma'auni. Kowane mutum yana samun kimanin milisibat (ma'aunin yawan radiyeshin) 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Eksiren ƙirji guda bai wuce milisibat 0.1 ba, wato kwatankwacin abin da ake samu cikin mako biyu, amma CT na ciki yakan kai 8 zuwa 10, daidai da na shekara uku zuwa huɗu. A ganina wannan ya isa ya hana mutum gudun hoton da likita ya ga ya zama dole, ya kuma isa ya hana shi yawon neman CT daga wannan asibiti zuwa wancan ba tare da dalili ba, musamman idan yaro ne, tunda jikin yara ya fi saurin tasirantuwa kuma shekarun da ke gabansu sun fi yawa.

Bayan an gama, kada ka takura wa wanda ya ɗauki hoton ya faɗa maka abin da ya gani, domin fassara aikin likitan hoto ne, shi zai rubuta rahoto. Ka mayar da rahoton ga likitan da ya turo ka, saboda shi ya san tarihin ciwon, kuma hoto yakan nuna wasu abubuwa marasa illa, kamar ƙaramar jakar ruwa a ƙoda, waɗanda ke tayar da hankalin mai karatu shi kaɗai. Ka adana kowane hoto da faifai da rahoto, ka riƙa tafiya da su, domin tabon da ya shekara biyar a huhu bai canza ba hukuncinsa dabam da wanda ya bayyana cikin wata uku, kuma tsohon hoto ne kawai zai raba gardama.

Sashen hoto yana yin magani ma. Da jagorancin sikanin ko CT likita yana iya zura allura ya ɗebo ɗan nama daga ƙari don gwaji, ko ya zuƙe mugunya daga ƙurjin da ke can ciki, ko ya bi ta jijiya da siririn bututu ya buɗe hanyar jini da ta toshe, ba tare da an tsaga jiki ba. Idan irin wannan aka shirya maka, ka sanar da su in kana shan maganin tsinka jini kamar warfarin ko asfirin, amma kada ka daina sha da kanka sai an umarce ka. Masu ciwon daji da ake yi wa gashi da radiyeshin kuma su kula da alamomin da aka zana a fatarsu, kada su goge su, domin da su ake saita hasken a wuri ɗaya kullum, kuma kada su tsallake rana, tunda an raba adadin ne kashi-kashi, yawanci kwana biyar a mako har tsawon makonni. Gashin da ake yi daga wajen jiki ba ya barin radiyeshin a jikin majinyaci, yana iya rungumar 'ya'yansa a ranar. Wanda aka ba ayodin mai radiyeshin ya haɗiya don ciwon ƙwayar gaban wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, shi ne za a ce ya nisanci ƙananan yara da masu juna biyu na wasu kwanaki, kuma ya nemi a rubuta masa adadin kwanakin a takarda kafin ya bar asibiti.