Darasi na 9: Cincin ɗin suna, da awo da rubutu

A darasin da ya wuce mun koyi rubuta ranakun mako. Yau da su za mu shiga madafi. Kowace ta zo da littafinta da fensir, da gwangwanin madara guda ɗaya wanda aka shanye, a wanke shi tas.

Karatu

Wata Talata da hantsi ƙanwata ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Kafin azahar gida ya cika da 'yan barka. Ana ta murna, ni kuwa gabana sai faɗuwa yake yi, domin Goggo ba ta gari, ta tafi aikin Hajji. Tun ina yarinya, in biki ne in suna ne in saukar karatu ce, Goggo ce mai cincin da dubulan da alkaki na danginmu. Ba ta taɓa auna komai ba. In kin ce mata, "Goggo, sukari nawa za a zuba?" sai ta ce, "Ke dai zuba, 'yar nan. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima."

Idon Goggo kam ya san ƙima, don ya fi shekara arba'in yana kallon kwaɓi. Namu idon bai sani ba. Mu uku muka taru, ni da yayata da matar wanmu, kowa na cewa ai ta sha gani. Muka zuba bota son ranmu, wai don ya yi laushi. Muka fasa ƙwai har na daina ƙirgawa. Da aka jefa kaskon farko, mai ya taso da kumfa kamar an zuba sabulu, cincin ya dagargaje ya zama gari a gindin kasko. Rabin fulawar da aka sayo ta tafi a banza, man ma ya yi baƙi. Da dare mijin mai jego ya sake ciro kuɗi, bai ce uffan ba, amma shirun nan nasa ya fi faɗa ciwo.

Da Goggo ta dawo, bayan an gama cin tsarabar dabino da bagaruwa, na zauna kusa da ita ran da za ta yi kwaɓi. Duk abin da ta ɗebo sai in riƙe hannunta, in juye a gwangwani, in rubuta. Tana ta mita: "Wai ke Malama, cincin ɗin ma sai an kai shi makaranta?" Takardar tana nan har yau, duk ta sha mai. Da ita aka yi sunan 'ya'ya huɗu bayan Goggo ta daina iya zama gaban murhu saboda ciwon ƙafa.

Baƙaƙe masu lanƙwasa

Kafin mu taɓa fulawa, ku dubi waɗannan kalmomi da kyau, ku karanta su da ƙarfi:

kanwa, ƙanwa
baki, baƙi
daka, ɗaka

Ɗan ƙugiyar nan da ke kan k da d ba ado ba ne. Kanwa ita ce ake jiƙawa a sa a kunu, ƙanwa kuwa ita ce wadda kika girma. Wadda ta rubuta wa mijinta "a sayo ƙanwa ta naira ɗari" ta ba 'yan kasuwa abin dariya. Ku kwafi wannan jimla sau uku, duk kalmomin suna ciki: Ƙanwata tana ɗaka da baƙi, ana daka a tsakar gida, an kai kunun kanwa baki. Haka kuma ƙwai da ƙugiya ake rubuta shi, kwaɓi kuma ɓ ce a tsakiyarsa.

Ƙirga kwana

In an haihu ran Talata, suna ran Talata mai zuwa ne. Wasu kan rikice su ce ai kwana takwas ke nan. Dalili shi ne malamanmu na mazhabar Malikiyya ba sa sa ranar haihuwar a lissafi idan an haihu bayan fitowar alfijir, daga washegari ake fara ƙirga bakwai ɗin. Ranar kan bi yaro har girma ma. Wadda aka haifa ran Talata ana ce mata Talatu, ta Alhamis Lami, ta Juma'a Jummai, ta Asabar Asabe, ta Lahadi Ladi. Namiji kuma Ɗanlami, Ɗanjuma, Ɗan'asabe, Ɗanladi.

Kwana bakwai ba su da yawa ga gidan da ake ɗora ruwan wankan jego safe da yamma, ga 'yan barka, ga hidimar ƙauri. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku rubuta tsarin a bangon littafi: Laraba a rubuta kayan da za a saya, Alhamis a yi cefane, Asabar a yi suya, Litinin a ƙulla a leda. Cincin da ya soyu sosai yana yin makonni a mazubi mai murfi, don haka shi ake fara gamawa, a bar waina da shinkafa da miya sai safiyar suna.

Awon Goggo

Me ya sa gwangwani, ba mudu ba? Saboda mudun wani gari ba shi ne na wani gari ba. Wani wuri tiya ake cewa, wani wuri kwano, kuma ko a kasuwa ɗaya wani mai awo yakan cika har ya yi tozo, wani ya shafe. Gwangwanin madara kuwa yana kowane gida. Ki cika shi, ki shafe bakinsa da bayan wuƙa, kada ki danna fulawar. Ga abin da na rubuta na kwaɓi ɗaya:

fulawa, gwangwani 8
sukari, gwangwani 2
bota, rabin leda mai giram 250
ƙwai 2
madarar ruwa, gwangwani 1
bakin hoda (hodar da ke sa kwaɓi ya tashi), ƙaramin cokali 1
gishiri, ɗan kaɗan tsakanin yatsu uku
gyaɗar ƙamshi, rabin ƙwaya, a goge
ruwa, kada ya wuce gwangwani 1
man gyaɗa na suya

Ki tankaɗe fulawar a roba mai faɗi, ko da sabuwa ce, domin a nan ake kama tsutsa da zaren buhu. Ki zuba bakin hoda da gishiri da gyaɗar ƙamshi ki juya. Sai ki sa bota ki riƙa murzawa da yatsu har ta ɓace, garin ya koma kamar tsaki. A wani kwano daban ki kaɗa ƙwai da madara da sukari har sukarin ya narke. Wannan wurin mutane ke yi wa gaggawa. Sukarin da bai narke ba shi ne yake fitowa ɗigo-ɗigo baƙi a jikin cincin, shi ne kuma yake ƙona mai. Ƙwan ma kada ki fasa shi kai tsaye cikin kwaɓi, ki fasa ɗaya-ɗaya a kofi tukuna, don bara-gurbi guda ya isa ya ɓata roba guda.

Ki juye ruwan haɗin cikin garin ki kwaɓa. Ruwa kaɗan-kaɗan ake zubawa, wata fulawar ta fi wata sha, wataƙila ma ba za ki ƙarar da gwangwanin ba. Kwaɓin cincin da tauri yake, ya fi na fanke nesa ba kusa ba. Alamar ya yi ita ce ki danna da yatsa, ya lotsa, amma yatsar ta fito ba abin da ya manne mata. Ki rufe shi da tsumma mai tsabta ya huta kamar minti ashirin. Mai agogo ta duba agogo, aikin karatun lambobi ne shi ma.

Daga nan sai murzawa a faranti ko bayan tire. In ba ki da muciyar murji, kwalba wankakkiya ta wadatar. Kaurinsa kada ya wuce rabin ɗan yatsanki, domin yana ɗan tashi a mai. Ki yanka tsaye, ki yanka kwance, ƙanana kuma kai ɗaya. In wani babba wani ƙarami, ƙaramin zai ƙone kafin babban ya soyu. Kada ki yawaita barbaɗa gari a kan yankakken, garin nan ne yake zama a gindin kasko ya baƙanta mai.

Suya ita ce wurin da aka san gwana. Ki jefa ƙwaya ɗaya ki gani. Idan ta nutse ta zauna shiru, mai bai yi zafi ba, cincin zai sha mai ya yi nauyi. Idan nan take ta yi ja, wuta ta yi yawa, waje zai ƙone ciki ɗanye, ki janye itace ko ki rage gas. Abin da ake so shi ne ta nutse, ta ɗan jima kaɗan, ta taso tana tsuwa. Kada ki cika kasko. Ki riƙa juyawa da matsami, ki kwashe tun yana ruwan ƙasa mai haske, domin bayan an kwashe ma yana ƙara duhu. A baza shi a faifai ya huce sarai kafin a rufe, in ba haka ba gumi zai sa ya yi sanyi.

Yanzu kun gane abin da ya same mu a wancan suna. Bota ce ta yi yawa ta hana kwaɓin riƙe jikinsa, ƙwai da ya wuce ƙa'ida kuma ya kawo kumfa.

Ranar suya a kori yara daga madafi, a juya hannun kasko ya kalli bango. In mai ya kama da wuta, kada a kuskura a watsa ruwa, ruwa tashin wutar yake yi. A rufe kaskon da murfin ƙarfe, a kashe murhu.

Karanta jikin kaya

Ku ɗauki gwangwanin da kuka zo da shi, ku duba samansa ko gindinsa. Za ku ga wasu lambobi, sau da yawa kusa da baƙaƙen EXP ko BB. Wannan shi ne lokacin da kayan zai daina amfani. In kika ga 06/2027, lambar farko wata ce, ta biyu shekara, wato Yuni, wata na shida, shekarar 2027. Ku nemi kuma lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna a Nijeriya. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bar wa mai shago abinsa, ko da ya rage kuɗi. Bakin hoda da ya tsufa ba ya tashi. Ki zuba ɗan kaɗan a ruwan zafi, in bai yi kumfa ba ya mutu.

Lissafi

A gidanmu kwaɓi ɗaya yakan ba da ƙulli 20, kowane ƙulli cikin hannu ɗaya. A ce ana sa ran mata 60 za su zo yinin suna. Sau nawa 20 za ta shiga 60? Sau 3. To, duk abin da ke cikin awon Goggo sai a ninka shi sau 3: fulawa 8 sau 3, gwangwani 24 ke nan, sukari 6, ƙwai 6, madara 3, bota leda 1 da rabi. Ni dai nakan ƙara kwaɓi ɗaya a kai, don ban taɓa ganin sunan da aka gayyaci mutum 60 suka zo su 60 ba. Kowace da ƙawarta, ga na maƙwabta da za a aika, ga na surukai.

Farashi yana canjawa, shi ya sa ba a buga shi a littafin nan ba. Amma ga misalin yadda ake yi: a ce ƙwai ɗaya naira 200 ne, guda 6 sun kama naira 1,200. Ki ja layi uku a shafi, na farko sunan kaya, na biyu yawansa, na uku kuɗinsa, ki tara a ƙasa. Takardar nan za ki miƙa wa maigida ko yaron da za a aika. Yaron da aka ba rubutaccen saƙo ba ya dawowa ya ce ya manta bota, canji kuma ba ya ɓata a hanya.

Mai jego da jaririya

Duk daɗin nan na baƙi ne da manya. Jaririya nonon uwa zalla take bukata har wata shida, kuma ba a lasa mata zuma sai ta cika shekara ɗaya, domin zuma kan ɗauki wata ƙwayar cuta da cikin jariri ba ya iya yaƙa. Kunun kanwa kuwa a sassauta hannu. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta. Mai jegon da ƙafarta ta kumbura ko numfashi ke yi mata wuya, asibiti za a kai ta, ba jiran arba'in.

Bayan an raɗa suna an yanka rago, ki buɗe shafin ƙarshe na littafinki ki rubuta da hannunki sunan yarinyar, da ranar da aka haife ta, da wata, da shekara. Da wannan za a je a karɓo takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ita za a nema ran da za a sa ta makaranta.

Aikin gida

1. Ki auna mudun da ake awo da shi a kasuwarku, ki rubuta gwangwani nawa yake ci.
2. An haifi yaro ran Asabar da rana. Wace rana ce suna? Wane laƙabi za a iya kiransa da shi?
3. Za a yi walimar saukar karatu, ana son ƙulli 100. Kwaɓi nawa za a yi? Fulawa gwangwani nawa? Ƙwai nawa?
4. Ki je wurin wata tsohuwa a danginku ko unguwarku wadda ta iya alkaki ko nakiya ko dubulan. Ki gaishe ta, ki roƙe ta ki zauna ran da za ta yi. Ki tafi da gwangwaninki da fensir. Za ta yi miki tsiya, ki yi dariya ki ci gaba da awo. Ki kawo abin da kika rubuta ran Litinin, kowace za ta karanta nata a gaban aji.