Ga masu haɗa sabulu: launin ruwan siliket

'Yan'uwa masu haɗa sabulu a Sakkwato, ruwan sodiyam siliket, wato sinadarin da ake zubawa a haɗin sabulu, ba shi da launi idan mai tsabta ne. Idan ya yi kore-kore ko rawaya, yawanci ƙarfe ne ya gauraya da shi, ko dai daga yashin da aka narka da soda a masana'anta, ko daga tsatsar durom ɗin da aka zuba shi, kuma hakan yana iya dusashe farin sabulu. Idan kuwa ya yi fari kamar ruwan koko, galibi an surka shi ne da ruwan rijiya mai yawan kalsiyam, wato sinadarin da ke hana sabulu kumfa sosai. Ku adana ruwan siliket ɗin a jarkar roba mai murfi, ban da tukunyar alminiyam, domin yana cin ta.