Yadda Za Ka Sa Fitilun Falo da Talabijin Su Bi Maɓalli Ɗaya

Kafin ka sayi ko da ƙwan fitila ɗaya, ka tambayi kanka: ranar da cajin wayarka ya ƙare, ko intanet ta yanke, ko baƙo ya shigo falo kai ba ka nan, za a iya kunna fitila? In ba za a iya ba, to wahala kawai ka ƙara wa gidanka. Duk abin da na saka a falona da wannan tambayar na auna shi. Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba: ka danna maɓalli ɗaya, fitilun sama su mutu, ta bayan talabijin ta kama, talabijin da lasifika su tashi. Ka danna na kusa da shi, komai ya koma yadda yake. Makunnin bango kuwa ya ci gaba da aiki ga wanda bai san da wani sabon tsari ba.

Ka fara da ɗaki ɗaya, wanda kuka fi zama a cikinsa da dare. Ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ke ciki mai amfani da wuta: fitilu nawa ne, wane makunni ke kunna wacce, talabijin, lasifika, akwatin kallo irin Apple TV ko Fire TV, fanka. A gefen kowanne ka rubuta yadda ake kunna shi yanzu, da hannu ne, da rimot, ko da manhaja. Wannan takardar ce za ta gaya maka abin da za ka saya.

Wanda zai riƙe ragama

Dole a samu tsari ɗaya da sauran kaya ke karɓar umarni daga wurinsa. Manyan su ne Amazon Alexa, Google Home, Apple Home da Samsung SmartThings. Akwai kuma Home Assistant, manhaja ce ta kyauta da aka fara a 2013, ana ɗora ta a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi. In mutanen gida duk iPhone suke riƙewa, Apple Home ya fi sauƙi, amma yana buƙatar Apple TV ko HomePod a gidan. In wayoyin Android ne, Google Home ko SmartThings. Ni Home Assistant nake amfani da ita, domin umarnin a cikin gida yake gudana, ba sai ya fita intanet ya dawo ba. Sai dai tana cin lokaci, kuma ba na ba wa wanda ba ya son zama gaban kwamfuta shawarar ya fara da ita.

Maganar gudana a cikin gida ba ƙaramar magana ba ce. A watan Afrilu na 2022 kamfanin Insteon na Amurka, mai yin makunnai masu wayo, ya kashe kwamfutocinsa na intanet da umarnin ke bi ta kansu ba tare da sanarwa ba. Masu kayansa suka wayi gari manhaja ba ta aiki, umarnin murya ya tsaya, makunnan bango ne kaɗai suka rage. Daga baya wasu masu amfani da kayan sun sayi kamfanin sun farfaɗo da shi, amma an riga an ga inda ramin yake.

Idan ka ɗauki kwalin kaya, ka duba ta wace hanya yake haɗuwa da sauran. Mai Wi-Fi kai tsaye yake shiga rautar gida, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ba ya buƙatar ƙarin akwati, amma kowane ƙwai ɗaya nauyi ne a kan rautar, kuma yawancinsu zangon 2.4 GHz kawai suke ji. In wayarka tana kan 5 GHz lokacin saiti, sau da yawa haɗin yakan ƙi, mutum ya ɗauka kayan ne ba su da kyau. Zigbee da Z-Wave, wasu hanyoyin haɗi ne marasa waya daban da Wi-Fi, suna buƙatar akwatinsu na cibiya, amma kayan da ke jone da wuta suna miƙa wa juna saƙo, don haka yawansu ƙarfi yake ƙara musu. Z-Wave yana da tarko ga mai oda daga wata ƙasa: na Amurka yana aiki a 908 MHz, na Turai a 868, ba sa jin juna. Sai kuma Matter, ƙa'idar da ta fito a Oktoba 2022, wadda Apple, Google, Amazon da Samsung suka amince da ita. Yawancin kayan da ke da tambarinta za ka iya haɗa su da kowanne daga cikinsu. In za ka sayi sabon abu yau, nemi wannan tambarin.

Ƙwai ko makunni

Nan ne mutane suka fi ɓata kuɗinsu, don haka zan ɗan daɗe.

Ƙwan fitila mai wayo, irin Philips Hue da ya fito a 2012, sai da wuta a jikinsa kullum yake jin umarni. Da zarar wani ya kashe makunnin bango, shi ke nan, ya ɓace daga manhaja, kuma in na Zigbee ne har kayan da ke bi ta kansa su kai saƙo sai su rikice. Za ka iya yi wa mutanen gida wa'azi kullum kada su taɓa makunni, amma hannun da ya saba kashe fitila tun yana yaro ba ya jin wa'azi. Masu manna salatif a kan makunni kuwa, sun mayar da bangon gidansu abin tausayi.

Don haka ga yadda na raba. Fitilun sama, waɗanda makunni ɗaya ke kunna uku ko huɗu, makunnin ake canzawa, a bar ƙwayayen yadda suke. Ko dai a saka sabon makunni mai wayo, ko a ɓoye ƙaramar na'ura irin Shelly a bayan tsohon, ya ci gaba da aiki kamar da, manhaja kuma tana ganin halin da yake ciki. Kafin ka saya, ka kira mai aikin wayarin ya buɗe ramin makunnin ya duba ko akwai wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, a ciki. Gidaje da yawa, musamman tsofaffi, laif, wato wayar da ke kawo wuta, kawai ke zuwa makunni, yawancin makunnan zamani kuwa sai da nutural suke aiki. Akwai waɗanda aka yi don ramin da babu ita, amma da ƙananan ƙwayayen LED sukan sa fitila ta riƙa ƙyaftawa ko ta bar ɗan haske bayan an kashe. Aikin nan na mai wayarin ne, kuma sai an kashe wuta daga babban makunnin gida. In kana son rage haske, ka tabbata an rubuta a kwalin ƙwan cewa yana karɓar ragi, domin ba kowane LED ba ne.

Ƙwai mai wayo kuma wurinsa fitilar tsaye ta gefen kujera da ta kan teburi, inda kake son canza kalar haske kuma ba wanda ya saba zuwa ya kashe.

Lambobi biyu ne a kwalin ƙwai suke da amfani. Lumen shi ne yawan haske: 800 ya yi daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, alhali LED wat 9 ko kusa da haka yake ci. Kelbin kuma kalar hasken ce: 2700 ja-ja ne mai kwantar da ido, 4000 fari ne na aiki, 6500 kamar hasken rana. Falo da dare 2700 yake so. Wuri ɗaya ne na keɓe: zirin fitilar da ake mannawa a bayan talabijin. Shi 6500 ya dace da shi, domin a kan wannan farin ake daidaita hoton bidiyo, kuma a rage shi sosai. Amfaninsa ido ba ya gajiya da kallon allo mai haske a ɗaki mai duhu. Masu sa shi yana sauya kala ja, kore, shuɗi, ra'ayinsu ne, ni dai ban iya kallon labarai a haka.

Talabijin da 'yan rakiyarsa

Abu na farko ba ya buƙatar sayen komai. Wayar HDMI tana ɗauke da wata hanya mai suna CEC, wadda ke ba na'urori damar kunna juna da kashe juna. Kowane kamfani ya laƙaba mata nasa sunan, shi ya sa mutane ba sa gane ta: a Samsung Anynet+, a LG SimpLink, a Sony Bravia Sync, a Panasonic Viera Link. Ka shiga saitin talabijin ka kunna ta, ka kunna ta a akwatin kallo da lasifika su ma. Lasifikar a jona ta a ramin HDMI da aka rubuta ARC ko eARC a jikinsa. In ka yi haka, tayar da akwatin kallo irin Apple TV, Fire TV ko Chromecast zai kunna talabijin, ya juya shi zuwa tashar da ta dace, rimot ɗaya kuma ya riƙa ƙara sauti. To ka ga tsarinka na'ura ɗaya kawai zai umarta, sauran su biyo baya.

Talabijin mai shiga intanet yana da wani saiti na ajiye wuta da ke yanke haɗinsa idan an kashe shi. Da wannan saitin manhaja za ta iya kashe shi amma ba za ta iya kunna shi ba. Ka nemi zaɓin kunnawa ta waya ko ta Wi-Fi a cikin saitin sadarwa ka buɗe shi.

Tsofaffin kaya masu rimot kawai, kamar dikoda ko tsohuwar amfilifaya, ana sarrafa su da ƙaramar na'ura mai kwaikwayon rimot, irin Broadlink RM4. Ka ajiye ta inda take kallon kayan ba shamaki. Amma ka san rauninta: tana aika umarni ne kawai, ba ta sanin ko an karɓa. Yawancin rimot kuma maɓalli ɗaya ne ke kunnawa da kashewa, don haka in wani ya riga ya kunna dikoda da hannu, shirinka na kallo kashe ta zai yi. Maganinsa soket mai auna wutar da na'ura ke ci. Tsarin ya duba, in dikodar tana jan wuta sosai to a kunne take, kada ya aika komai.

Haɗa su wuri guda

Yanzu sai shiri. Kowace manhaja tana da wurin da za ka tara umarni da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Nawa na kallo haka yake: akwatin kallo ya tashi, a jira daƙiƙa biyar talabijin ya gama farkawa, fitilun sama su mutu, ta gefen kujera ta sauka zuwa kashi 15, ta bayan talabijin ta kama. Jiran nan yana da muhimmanci, in babu shi umarni na biyu yakan isa kafin talabijin ya shirya ji. Ka sa fitilun su riƙa raguwa a hankali cikin daƙiƙa uku ko huɗu maimakon su ɗauke lokaci guda.

Shiri uku sun isa falo: na zama, na kallo, da na kashe komai. Ka sayi ƙaramin maɓalli mai batir na Zigbee, ka ɗora su a kansa, ka ajiye shi inda ake ajiye rimot. Ciro waya, buɗe ta, neman manhaja, duk ya fi tashi a danna makunni wahala, kuma bayan mako biyu ba wanda zai ƙara yi. Umarnin murya yana da daɗi in hannu na ɗauke da kaya, amma Alexa da Siri ba sa jin Hausa, don haka ka ba fitilu gajerun sunaye masu sauƙin faɗa waɗanda ba su yi kama da juna ba.

Ban da waɗannan ukun akwai shirye-shirye masu aiki da kansu ba sai an danna maɓalli ba, wanda na fi jin daɗinsa shi ne na dakatar da fim. Akwatin kallo yana sanar da tsarin halin da yake ciki, don haka za ka iya cewa: idan an dakatar, kuma rana ta faɗi, fitilar gefe ta hau kashi 40, idan an ci gaba ta sake sauka. Kada ka manta da sharaɗin faɗuwar rana, in ba haka ba fitila za ta riƙa kamawa da tsakar rana. Na'urar gano motsi kuwa ba ta dace da falo ba sai da sharaɗi, domin mai kallo ba ya motsi, can kuma in ya miƙa hannu ya ɗauki rimot fitila ta haske ɗaki ana tsakiyar fim. Ka sa ta yi shiru muddin talabijin na kunne, ko ka kai ta baranda da hanyar bayi inda take da amfani.

Saura saiti biyu da za su hana ka tashi cikin dare. Ƙwayaye masu wayo da yawa, idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, da cikakken haske suke kamawa, ko da ƙarfe uku na dare ne. A manhajar akwai zaɓin abin da ƙwai zai yi in wuta ta dawo, ka sa ya koma halin da yake kafin a ɗauke. Rauta da akwatin cibiya kuma ka jona su a ƙaramin batirin ko-ta-kwana, domin ƙwayayen sukan riga rautar farkawa, wasu su nemi haɗi su rasa su haƙura. Ranar da za ka canza rauta, ka ba sabuwar sunan Wi-Fi da kalmar sirri irin na tsohuwar sak, kayan za su koma da kansu ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana sabon saiti ba.