Yadda za ka ga yis yana toho, da abin da ke kai masa kaya can ciki

Wannan yis ɗin da ake zubawa a fanke da burodi, Saccharomyces cerevisiae, in ka samu makuroskop a lab ɗin makarantarku toh ka gwada kallonsa yana toho, wato sabuwar ƙwaya tana tsirowa a jikin uwarta. Ka ɗebi ɗan kaɗan a bakin cokali, ka jiƙa a rabin kofin ruwa mai ɗumi, kamar digiri 30, da sukari cokali ɗaya, ka bar shi awa uku zuwa huɗu. Kar ka yi saurin dubawa, wanda ya fito daga leda yanzu bai gama farfaɗowa ba. Sai ka tsarma shi sosai da ruwa har ya zama kamar ruwan wankin shinkafa, in yayi kauri ƙwayoyin za su hau kan juna ba abin da za ka gani. Ɗigo ɗaya a kan gilashin silaid, ka rufe da siririn gilashin murfi, ka fara da lens mai ƙara girma sau 10 sannan ka koma mai sau 40.

Abin da za ka nema shi ne ƙwaya mai siffar ƙwai, faɗinta wajen maikuromita 5 (maikuromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), da wani ɗan ƙullutu manne a gefe ɗaya. A nan nake so ka tsaya, me yasa waje ɗaya kawai ya tsiro ba duk jikin ya kumbura ba?

Wani furotin ne, Cdc42, yake taruwa a wajen ya sa alama, daga nan zaruruwan wani furotin da ake kira aktin suke miƙewa cikin uwar ƙwayar kamar igiyar shanya, sai Myo2, furotin mai dako, ya ɗauko 'yan jakunkuna cike da kayan gina bango da fatar ƙwaya ya bi igiyar da su har bakin tohon, kowace jaka da furotin Sec4 a jikinta a matsayin alama, in ta iso gungun furotin takwas da ake kira ekzosist (exocyst) su riƙe ta, furotin ɗin SNARE su haɗe ta da fata ta juye kayanta. Shi yasa ƙaramin toho yake girma ta tsininsa, in ya ɗan girma kayan su watsu ko'ina a jikinsa ya zama kewayayye, a ƙarshe su koma wuya inda za a raba uwa da 'ya. Ka nemo matakan nan uku a silaid ɗinka ka zana su, wallahi zanen ya fi haddar sunayen amfani.

Jakunkunan kansu ba za su fito a makuroskop irin wannan ba. Randy Schekman da Peter Novick sun gano aikinsu ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakile (Berkeley) a Amurka wajen 1980, da yis mai naƙasa wanda a digiri 37 jakunkunan ke cunkushewa ciki toho ya tsaya, aikin da ya kai Schekman ga kyautar Nobel a 2013. In akwai rinin nan shuɗi da ake kira metilin bulu a lab ɗin ka ɗiga kaɗan, waɗanda suka rine shuɗi matattu ne, kar ka sa su cikin waɗanda za ka zana.