Yadda za ka bi da idonka in an ɗauke wuta da dare

Mu 'yan Tudun Wada ba sai an ba mu labari ba, kana zaune tsakar gida bayan isha'i ana hira sai ɗif, an ɗauke wuta, ko tafin hannunka ba ka gani. Kowa laluben waya yake ya haska tocila, ni ma haka nake da, har ranar da na kashe tocilar na taka buta na zube a bakin rijiya.

In ba gaggawa kake ba, tsaya cak tukuna ko ka samu waje ka zauna. Ido ai yana da nasa sitabilaiza. Ramin nan na tsakiyar baƙin ido yana buɗewa daga kamar milimita 2 zuwa 8 cikin 'yan daƙiƙu, amma wannan somin taɓi ne, hasken da zai ƙara shiga bai wuce ninki 16 ba. Ainihin aikin yana can bangon bayan ido, wato ratina, inda ƙwayoyi iri biyu suke, akwai masu tsini da ke ganin kala da rana, su minti 10 sun ƙure iyawarsu, sai masu kama da sanda, sun haura miliyan 90 a ido ɗaya, su ne masu gadin dare amma fa akwai nawa, sai sun ci minti 20 zuwa 30 kafin su kankama. Dalili, akwai sinadari a cikinsu, rodofsin, haske yana koɗar da shi kuma sai jiki ya sake haɗa shi a hankali da bitamin A. Wani Ba'amurke George Wald kan binciken nan ya ci kyautar Nobel a 1967.

Abin da ya fi burge ni, kowace ƙwayar ratina da kanta take saita kanta. Haske ya yi yawa, ƙananan ƙofofin jikinta su rufe, sinadarin kalshiyam ya ragu a ciki, to raguwar nan ita ce ke sa a sake buɗe wasu ƙofofin don kar ƙwayar ta cushe ta daina aiki. Shi ya sa in ka fito daga ɗaki cikin ranar azahar ka ɗan runtse, kafin ka kai bakin layi ka ware. Komawa duhu ne mai cin lokaci, kuma kallon fuskar waya mai haske na iya mai da kai baya.

In dole sai ka duba wayar, rage haskenta ƙasa sosai, sannan ka rufe ido ɗaya da tafin hannu. Kowane ido nasa rodofsin daban, wanda ka rufe zai riƙe maka ganin dare. Gwada yau, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, wallahi kamar ba na mutum ɗaya ba. In tocilarka tana da jan haske yi amfani da shi, masu sandar ba su cika jin ja ba.

Sai wata dabara, kar ka kalli abu tsaf a duhu, kalli gefensa kaɗan, don tsakiyar ratina babu masu sanda sam. Direbobin hanyar Zariya kuma, in tirela ta dallo muku fitila ku mai da ido kan gefen titi na dama ku rage gudu, kar a tsaya ramuwa da babbar fitila.

Wanda kuma ya yi rabin awa a duhu har yanzu yana laluben bango alhali yara suna ta guje-guje, wannan dundumi ne. Wani lokaci ƙarancin bitamin A ne, manja da hanta da karas da zogale suna taimakawa, amma yana iya zama yanar ido ko ciwon ratina na gado. A bar ɗiga magungunan kan tebur na kasuwa, a je Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke wajen Mando a Kaduna a duba, kuma a tafi da ɗan rakiya don in sun ɗiga maganin buɗe ido ba za ka iya tuƙi ba sai bayan wasu awanni.