Darasi na Bakwai: Abin da ke Motsa Inji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Binuwai a Garwa ya ga yadda tifa ke ɗaga bayanta ta juye yashi, alhali direba yana zaune, liba kawai ya ja. Doguwar sandar ƙarfen nan mai ƙyalli da ke fitowa daga cikin silinda ita ce ta yi aikin. Ana kiran irin wannan ɓangare na'urar motsarwa, ko akcuweta. Aikinta shi ne ta karɓi ƙarfin mai, ko iska, ko lantarki, ta mayar da shi motsi, na turawa da ja ko na juyawa. Matsayinta a jikin inji kamar na damtse ne a jikin mutum.

Mu fara da mai amfani da man haidurolik, domin ita ce ta fi yawa a manyan ayyukan yankinmu, daga katafila zuwa injin da ke danne auduga ya ɗaure ta dami-dami a masana'antun gurzar auduga. Sirrinta shi ne mai ba ya matsuwa, saboda haka duk matsin da aka yi masa a wuri ɗaya yakan isa ko'ina cikin tiyo, kamar yadda masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17. Ku ɗauki jak ɗin mota. Idan faɗin fuskar babban fistin ya ninka na ƙarami sau 50, to dannawar kilo 20 za ta ɗaga kilo 1,000, sai dai nauyin zai tashi kaɗan-kaɗan, shi ya sa ake ta buga hannun jak. Babban makiyin wannan na'ura a wurinmu shi ne ƙura. Ƙwayar yashi da ta shiga cikin mai a lokacin hunturu takan karce sanda, ta cinye robar baki, har mai ya fara yoyo. Don haka a goge bakin tanki kafin a buɗe shi, a kuma canza abin tace mai a kan lokaci. Akwai gargaɗin da nake roƙonku ku riƙe da gaske: kada wani ya shiga ƙarƙashin bayan tifa da aka ɗaga sai an tokare shi da ƙarfe, domin idan tiyo ya fashe, faɗowarsa ba ta ba mutum damar gudu.

Mai amfani da iska tana da sauri da tsabta, amma ƙarfinta bai kai na mai ba. Ita ce ke taka birkin manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga Ngaundare zuwa Kusiri da Injamena. Kwamfaresa ce ke cika tanki, kuma wajibi ne a riƙa zubar da ruwan da ke taruwa a ƙasansa.

Ta lantarki kuwa tana ko'ina: a famfon rijiya mai aiki da hasken rana, a abin goge gilashin mota, da kuma sitata. Ƙarar "kas" da kuke ji idan an murɗa makulli ta fito ne daga naɗaɗɗiyar waya da ta zama maganaɗisu ta fizgi ƙaramin ƙarfe. Akwai kuma wadda ke juyawa taki-taki, galibi taki 200 a zagaye ɗaya, ana sa ta a injin buga takarda.

Mutum-mutumi, wato injin da ke gudanar da aiki da kansa, yana haɗa abubuwa uku: na'urar da ke gani ko ji, kwamfutar da ke yanke shawara, da na'urorin motsarwa a kowace gaɓa. Na farko da ya shiga masana'anta, Unimate, ya fara aiki a kamfanin General Motors na Amurka a 1961, yana ɗaukar ƙarafa masu zafi da ƙarfin mai. Yawancin na yau lantarki ke motsa su, saboda ya fi dacewa da aikin da ke buƙatar tsayawa daidai inda aka so.

Aikin gida: ku ziyarci garejin da ke kusa da ku, ku nemi izinin bakanike, ku rubuta sunayen injuna uku da abin da ke motsa kowane ɗaya.